Hannayen da Ke Riƙe da Kyoto

Da tsakar daren 2 ga Yulin 1950, wani matashin almajiri da ke koyon addinin Buddha ya cinna wa Kinkaku-ji wuta. Kafin gari ya waye, ginin da ya shekara fiye da 550 a bakin tafki, can arewa maso yammacin birnin Kyoto na ƙasar Japan, ya koma gawayi. Ashikaga Yoshimitsu ne ya kafa wurin a 1397 don ya zama gidan hutunsa. Shi shogun ne, wato sarkin yaƙin da ainihin mulkin ƙasa ke hannunsa, kuma bayan rasuwarsa a 1408 aka mayar da gidan haikalin ɗariƙar Zen bisa wasiyyarsa. An ɗaure almajirin, marubuci Yukio Mishima ya gina wani shahararren littafi a kan labarin, su kuwa kafintoci suka ɗauko tsofaffin zane-zanen awo suka kama aiki. A 1955 gini ya sake tsayawa a inda yake.

Wannan ne ginin da miliyoyin masu yawon buɗe ido ke tsayawa a gabansa suna ɗaukar hoto a yau. Hawa uku ne. Na ƙasa itace ne zalla da farin bango, na biyu da na uku kuwa an lulluɓe su da fallen zinariya, kuma idan iska ta kwanta sai a ga ginin sau biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a cikin ruwa. Ko zinariyar ma ba ta 1955 ba ce. Rana da ruwan sama sun cinye ta farko, sai a 1987 aka sake shafe ginin da ƙaron itacen urushi, aka manna masa sabon falle wanda ya ninka na dā kauri sau biyar, kimanin kilo 20 na zinariya. A 2020 kuma aka sabunta rufin.

Baƙo da yawa kan ji wani iri idan aka gaya musu haka, kamar an sayar musu da jabu. A ganina sun yi kuskuren fahimtar birnin ne. Abin da ya tsufa a Kyoto ba kasafai yake zama katakon ba. Sana'ar ce ta tsufa, da tarbiyyar gyara, da mutanen da suka gaji aikin daga iyaye da iyayen gida, suka kuma miƙa shi gaba. Wanda ya zagaya haikalai da lambunan birnin da wannan a zuciyarsa zai ga abin da mai gaggawar hoto ba zai gani ba.

Birnin katako, birnin gobara

Sarki Kanmu ne ya mayar da fadarsa nan a shekarar 794, ya shata birnin da tituna miƙaƙƙu masu giciye juna, yana kwaikwayon Chang'an, babban birnin ƙasar Sin na lokacin. Duwatsu sun kewaye shi ta gabas da arewa da yamma, kogin Kamo ya ratsa shi. Nan sarakunan Japan suka zauna sama da shekara dubu, har zuwa 1869 da fada ta tare a Tokyo. Yau mutum kusan miliyan ɗaya da rabi ne ke zaune a cikinsa, kuma jirgin ƙasa mai gudun tsiya na Shinkansen yakan kawo mutum daga Tokyo cikin awa biyu da 'yan mintuna. Akwai haikalan Buddha wajen 1,600 da wuraren bautar Shinto wajen 400. A 1994 hukumar UNESCO ta sa wurare 17 na Kyoto da maƙwabtansa Uji da Otsu cikin jerin kayan tarihin duniya.

Da itace da takarda aka gina birnin, don haka wuta ba ta taɓa nisa da shi ba. Yaƙin Onin, wanda aka gwabza a cikin unguwannin birnin daga 1467 zuwa 1477, ya bar mafi yawansa kango. Babbar gobarar 1788 ta lashe kusan duka tsakiyar gari har da fadar sarki, wata kuma ta sake tashi a 1864. Gine-ginen da suka tsira da asalin katakonsu ana iya ƙirga su: hasumiyar Daigo-ji mai hawa biyar ta shekarar 951, da zauren Senbon Shakado na 1227 wanda har yanzu ake nuna tabon makamai a ginshiƙansa. Sa'ar da ta fi kowace girma ta zo a 1945. Kyoto na cikin biranen da Amurka ta ware don jefa wa bam ɗin nukiliya, sai sakataren yaƙi Henry Stimson ya dage aka cire sunansa. Nagasaki ce ta shiga jerin daga baya.

Addinai biyu ne ke zaune kafaɗa da kafaɗa a birnin, kuma ƙofa ce ke nuna wa baƙo inda ya shiga. Idan ya ga ginshiƙai biyu da sanduna biyu a gicciye a sama, galibi masu launin ja mai ruwan lemo, to wurin Shinto ne, ƙofar kuma sunanta torii. Mafi shahararsu shi ne Fushimi Inari a kudancin gari, wanda aka kafa a 711, tun kafin a kafa birnin kansa. Torii wajen 10,000 ne suka jeru a hanyoyin da suka hau dutsen Inari mai tsayin mita 233, a wasu wuraren sun matsu har sun zama rumfa, hasken rana na shigowa ta tsakankaninsu. A gefe akwai gumakan yanyawa, wata riƙe da mabuɗin rumbu a baki, wata da zangarniyar shinkafa, domin mabiya Shinto suna danganta Inari, abin bautar wurin, da noma da kasuwanci. Mai hawa ba ya ganin rubutu. Sai ya juyo zai sauko sannan ya ga bayan kowace ƙofa da baƙin rubutu: sunan kamfani ko mutumin da ya biya kuɗinta a ginshiƙi ɗaya, ranar da aka kafa ta a ɗayan. Duba kwanakin da kyau, za ka ga yawancinsu na shekarun nan ne. Gindin itace yana ruɓewa a cikin damshin dutse, a tuge tsohuwar, a kafa sabuwa da sunan wani. Wurin ya haura shekara 1,300, amma da wuya ƙofar da ka ratsa ta girme ka.

Rufin ɓawon itace

A gabashin gari, bayan an hau wani siririn titi mai cike da shagunan tukwane da kayan zaƙi, sai a iso Kiyomizu-dera. An kafa shi a 778, ya ƙone sau da dama, ginin da ke tsaye yanzu na 1633 ne, zamanin shogun Tokugawa Iemitsu. Abin da ke jan mutane shi ne faffaɗar barandarsa da ta fito daga jikin tsauni, mita 13 daga ƙasa, a kan manyan ginshiƙan itacen keyaki. Babu ƙusa ko ɗaya a wannan sassaƙa. An huda ginshiƙan ne aka zura katakai a gicciye, aka matse su da 'yan guntayen itace, ta yadda idan ƙasa ta girgiza ginin zai yi lilo ya dawo mazauninsa. Sauka ƙasa ka ɗaga kai, za ka ga an sa wa bakin kowane katako ɗan murfi don kada ruwan sama ya jiƙa shi. Mutane kan wuce wannan da sauri zuwa layin shan ruwan Otowa, maɓuɓɓugar da ke zubowa ta bututu uku a ƙasan haikalin.

Rufin babban zauren ya fi barandar ba ni mamaki. Da ɓawon itacen hinoki ake yin sa. Akwai masu sana'ar da aikinsu kawai shi ne hawa bishiya da igiya su ɓare ɓawon waje ba tare da sun ji wa na ciki ciwo ba, bishiyar ta ci gaba da rayuwa, bayan kamar shekara goma a dawo a sake ɓara. A yanka ɓawon siriri-siriri, mai rufi ya jera shi ɗaya bisa ɗaya da 'yar tazara kaɗan, yana kafewa da ƙusoshin gora. Yakan cika bakinsa da ƙusoshin, yana turo su ɗaya bayan ɗaya da harshe, hannu na karɓa yana bugawa ba tsayawa. An gama sabunta rufin Kiyomizu a 2020 bayan shekara uku ana aiki, karo na farko cikin kusan shekara hamsin. A wannan shekarar ce kuma UNESCO ta sa sana'o'in adana ginin katako na Japan, har da ta ɓarar ɓawo, cikin gadon al'adun duniya. Masu kula da haikalin sun san cewa wata rana ginshiƙan ma za su gaji, kuma keyaki mai irin wannan kauri yana ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin ya isa sara. Saboda haka sun shuka itatuwan a dazuzzukan lardin tun yanzu, don gyaran da ba wanda ke raye a yau zai gani.

Mu da muka gaji ginin ƙasa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Masallacin Agadas yana tsaye ne saboda ana sake masa yaɓe, kuma itatuwan da suka fito daga jikin hasumiyarsa su ne matakalar magina. Ganuwar Kano kuwa ta fara zubewa ne daga lokacin da aka daina fita aikin gayyar gyaranta. Ginin da ke buƙatar hannu kowace shekara yana mutuwa ne ranar da hannun ya janye, ko da katako aka yi shi ko da laka.

Duwatsu goma sha biyar

A lambuna ne wannan magana ta fi fitowa fili, domin lambu ba ya jira shekara hamsin. Idan aka bar shi wata guda ya lalace.

Lambun Ryoan-ji shi ne wanda ya fi suna, kuma shi ne ya fi ruɗa baƙo. Babu fure, babu bishiya, babu ruwa. Fili ne mai tsawon mita 25 da faɗin mita 10, an shimfiɗe shi da farar tsakuwa, an dasa duwatsu 15 kashi biyar, kowane kashi da ɗan zoben gansakuka a gindinsa. Ba a shiga. Za ka cire takalmi a ƙofa, ka taka katako mai santsi da safa, ka zauna a bakin baranda ka kalla. Duk inda ka zauna, aƙalla dutse ɗaya zai ɓuya a bayan wani. An ja layuka a kan tsakuwar da manjagara, miƙaƙƙu a fili, masu zagaye a kusa da duwatsun, kuma ba za ka ga sawun ƙafa ko ɗaya ba, domin mai jan manjagarar da baya-baya yake tafiya yana shafe sawunsa. Gajeriyar katangar da ta kewaye filin an gina ta da ƙasa da aka cuɗa da mai, shekaru sun sa man ya tsattsafo ya yi mata zane mai ruwan ƙasa da toka.

Hosokawa Katsumoto, ɗaya daga cikin jagororin yaƙin Onin, shi ya kafa haikalin a 1450. Wanda ya tsara lambun kuwa tarihi bai adana sunansa ba, masana ma suna jayayya a kan ƙarnin da aka yi shi. Wasu na cewa tsibirai ne a teku, wasu na cewa damisa ce ke ƙetarar da 'ya'yanta kogi. A 2002 wasu masu bincike sun wallafa a mujallar Nature cewa filin da ke tsakanin duwatsun yana samar da siffar bishiya mai rassa, wadda gangar jikinta ta nufi daidai inda aka saba zama a cikin zauren. Sunan lambun ya ƙara bazuwa a Turai bayan Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta ziyarce shi a 1975. Amma abin da ya fi taɓa ni yana bayan ɗaya daga cikin duwatsun, inda mai kallo ba ya gani: an sassaƙa sunayen mutum biyu. Masana da dama na ganin sunayen leburorin da suka dasa duwatsun ne, daga cikin mutanen da ake kira kawaramono.

Waɗannan mutanen bakin kogi ne, waɗanda al'ummar lokacin ta mayar saniyar ware saboda suna fiɗa da jima da sauran ayyukan da ake ƙyama. Su ne kuma suka san dutse da itace da yadda ake ciro babbar bishiya a dasa ta ta kama. Ɗayansu, Zen'ami, ya kai matsayin da shogun Ashikaga Yoshimasa ke aika masa da magani idan ba shi da lafiya. Yoshimasa jikan Yoshimitsu mai ginin zinariya ne, kuma shi ya fara gina Ginkaku-ji a 1482. Ana kiran wurin ginin azurfa, alhali ba a taɓa shafa masa azurfa ba. Baƙin katako ne mai natsuwa, gabansa tulin yashi mai tsayin mita biyu da aka daddaɓe aka sare kansa, wanda masu lambu ke gyarawa a kai a kai. Daga da'irar Yoshimasa ne salon shan shayi da jera furanni da ɗaki mai shimfiɗar tabarmar tatami suka samu siffar da aka san su da ita. Sai dai bai dace a yabi wannan kyau a manta da kuɗin da aka biya ba. A zamanin mulkinsa yunwa ta kashe dubun-dubatar mutane a Kyoto, rikicin gadon kujerarsa na cikin abin da ya hura wutar yaƙin Onin, kuma birnin na kango ya sa wa talakawa haraji da aikin tilas, ya kwaso duwatsu da itatuwa daga haikalan wasu don ƙawata gidan hutunsa.

Can yamma, a Arashiyama, akwai Tenryu-ji wanda aka kafa a 1339, aka kuma samo kuɗin gininsa ta hanyar tura jirgin fatauci ƙasar Sin. Gine-ginensa sun ƙone sau takwas. Tafkinsa da duwatsun da malami Muso Soseki ya jera sun tsira, don haka lambun ya girmi duk abin da ke kewaye da shi. Dabarar da aka yi a nan ita ce aron abin da ke nesa: an tsara itatuwan bakin tafkin ta yadda ido ba zai gane inda lambu ya ƙare, inda dajin tsauni ya fara ba. Irin wannan lambu yana da rauni guda. Dogon bene ɗaya a bayansa ya isa ya kashe shi. Shi ya sa dokar da birnin ya kafa a 2007 take da muhimmanci: ta rage iyakar tsayin gine-gine daga mita 45 zuwa 31, a wasu unguwannin ƙasa da haka sosai, ta hana allunan talla a kan rufi da fitilu masu walƙiya. Har McDonald's sai da ya rage kaifin jan launinsa.

Idan ka isa wani lambu da sassafe za ka tarar da masu aikin. Mata a durƙushe da 'yar tsintsiyar gora suna share ganye daga kan gansakuka a hankali don kada su tuge ta. Namiji a kan tsani mai ƙafa uku, yana tsinke tsofaffin ganyen bishiyar matsu da yatsunsa, reshe bayan reshe, har haske ya riƙa ratsawa. Bishiya ɗaya kan cinye masa yini.

Cunkoso

Saiho-ji, wani lambun na Muso Soseki, an san shi da gansakuka iri fiye da 120 da ta rufe ƙasa baki ɗaya. Ba haka ya tsara shi ba. Gansakukar ta mamaye wurin ne daga baya, bayan ambaliya da lokacin da haikalin ya rasa kuɗin kula da shi, sai aka ga ta yi kyau aka rungume ta. Da sawun baƙi da hayaniyar motoci suka yi yawa, a 1977 haikalin ya rufe ƙofarsa ga kowa sai wanda ya nemi izini tun da wuri. Shekaru da dama ta wasiƙa ake nema, yanzu ana iya yi ta intanet. Kafin a shiga lambun akan zaunar da baƙo ya kwafi wani nassin addinin Buddha da hannu, abin da ya kamata Musulmi ko Kirista mai niyyar zuwa ya sani tun kafin ya nemi gurbi. A sauran wuraren babu wanda zai nemi ka yi wata ibada. Ka sayi tikiti, ka cire takalmi inda aka ce, ka rage murya.

Abin da Saiho-ji ya hango tun 1977 shi ne ya sami birnin duka yanzu. Baƙi 'yan ƙasashen waje kusan miliyan 37 ne suka shiga Japan a 2024, kuma kaɗan ne ba sa son taka Kyoto. A ƙarshen Maris da farkon Afrilu, lokacin furen sakura, da kuma tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba da ganyen momiji ke yin ja, titin Kiyomizu ba ya takuwa sai da turereniya. Tsofaffin gari kan tsaya a tasha bas ta wuce su cike da baƙi da akwatuna. A unguwar Gion, masu waya sun riƙa bin matan geiko, masu rawa da kiɗan gargajiya, da 'yan koyonsu maiko a guje, suna tare musu hanya, har mazauna suka hana ɗaukar hoto a lungunan da ba na gwamnati ba a 2019, sannan a 2024 suka fara hana shiga wasunsu, da gargaɗin tarar yen 10,000. Hukumar birnin ta fara karɓar harajin kwana a otal a 2018, ta kuma ɗaga shi daga Maris 2026 har zuwa yen 10,000 a dare ga ɗakuna mafi tsada.

Ba na cikin masu cewa baƙi su daina zuwa. Kuɗin tikitinsu na cikin abin da ke biyan mai manjagara da mai rufin ɓawo. Amma wanda ya tsara ganin haikali takwas a yini ɗaya zai koma gida da hotuna da ciwon ƙafa kawai. Biyu ko uku sun isa. Kiyomizu na buɗewa da ƙarfe shida na safe, Fushimi Inari ba ya rufewa dare da rana kuma ba a biyan ko sisi, cunkoson ma yana raguwa da zarar an wuce rabin dutsen. Ga kuma ɗaruruwan ƙananan haikalai, irin waɗanda ke cikin harabar Daitoku-ji, inda mutum zai zauna a baranda shi kaɗai ko da mutum biyu.

Haikalan dai suna da masu tsaya musu. Abin da ke salwanta shi ne garin da ke tsakaninsu: machiya, tsofaffin gidajen katako na 'yan kasuwa da masaƙa, masu siririyar fuska da dogon ciki, shago a gaba, ɗan ƙaramin lambu a tsakiya don iska da haske. A irin waɗannan gidaje ne masu rini da masaƙan unguwar Nishijin da kafintoci suka zauna suka koyar da yaransu. Ƙidayar da birnin ya yi a 2016 ta sami kimanin 40,000, ƙasa da sama da 47,000 da aka ƙirga shekara bakwai kafin nan, waɗanda aka tabbatar an rasa kuwa sun kai wajen 800 a kowace shekara. Gyaransu na da tsada, harajin gado na da nauyi, magada kuma sukan sayar a rushe a yi otal ko wurin ajiye motoci. A 2017 birnin ya yi dokar da ta tilasta wa mai irin gidan da aka keɓe ya sanar da hukuma shekara guda kafin ya rushe shi, don a samu lokacin nemo wanda zai saya ko ya karɓi haya ya gyara. Dokar ba ta hana rushewa ba, jinkirta ta kawai take yi.